Su wane ne "mu" ɗin nan na jaridun zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma za a yarda da hukuncinsu?

Wata ɗaliba mai karatun adabin Turanci ta turo min tambaya, ta ce tana bincike kan littafin Jane Eyre sai ta ci karo da wani sharhi mai zafi da aka yi masa a mujallar Quarterly Review a 1848, ta duba sama ta duba ƙasa babu sunan wanda ya rubuta, sai dai ta ga ana ta cewa "mu", muna ganin kaza, ba mu yarda da kaza ba. Shi ne take so ta san su wane ne waɗannan "mu" ɗin, me ya hana su sa suna, kuma abin da suka faɗa kan littattafai da zane da wasan kwaikwayo da kiɗa abin dogaro ne ko a'a.

To Malama, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, don na daɗe ina koyar da wannan fanni kuma kusan duk shekara sai na ga ɗalibi ya ɗauko maganar wata mujalla ya dasa a cikin aikinsa ya ce ga abin da "mutanen zamanin" suka ce, alhali mutum ɗaya ne ya faɗa, a gida ɗaya, don wata manufa tasa. Amsar a gajarce ita ce, sharhi a jaridun Ingila na wancan lokaci, wato daga 1837 da Biktoriya ta hau mulki zuwa 1901 da ta rasu, ba muryar mutum ba ce, muryar gida ce. Mujallar ce ke magana, shi marubucin kamar sanƙira yake, yana ɗaga muryar mai gida. In kin riƙe wannan sauran duk zai zo miki da sauƙi.

Tsarin ya girmi Sarauniyar ma. Edinburgh Review ta fara fitowa a 1802, ta 'yan jam'iyyar Whig ce masu son sauyi, sai 'yan Tory masu ra'ayin riƙau suka ga an bar su a baya suka kafa tasu Quarterly Review a 1809 a ƙarƙashin mai madaba'a John Murray, daga baya a 1824 mabiyan masanin falsafa Jeremy Bentham suka fito da Westminster Review. Duk wata uku suke fitowa, kowacce kamar littafi ce don kauri, sharhi ɗaya sai ya ci shafi talatin ko arba'in, kuma sau da yawa littafin da aka ce ana wa sharhi ɗan tsani ne kawai, a taka shi a hau a yi ta bayani kan siyasa ko addini. Kuɗin Edinburgh ko Quarterly sule shida ne, kin ga ba ta talaka ba ce, ta 'yan majalisa ce da limaman coci da lauyoyi da masu gonaki. To a irin wannan gida edita yana da ikon ya yanke, ya ƙara, ya canza miki magana ba tare da ya tambaye ki ba, saboda ba sunanki ne a kai ba, sunan gidan ne. Masu kare tsarin suna cewa haka ya fi, yaro ɗan shekara ashirin da biyar in yana da hujja zai iya yi wa dattijon marubuci gyara ba tare da an ce masa kai wane ne ba, ma'aikacin gwamnati ko limami zai faɗi gaskiya bai ji tsoron rasa abincinsa ba. Kuma gaskiya wannan hujja ba ta banza ba ce.

Yanzu ga sharhin da ya dame ki. Mace ce ta rubuta shi, sunanta Elizabeth Rigby, wadda a shekarar da ta biyo baya ta auri mai zane Charles Eastlake aka koma kiranta Lady Eastlake. Ya fito a Disambar 1848, ki lura da shekarar sosai, shekarar da juyin juya hali ya kama Faransa da wasu ƙasashen Turai, a Landan kuma 'yan gwagwarmayar Chartist masu neman a ba talaka ƙuri'a sun yi babban taro a watan Afrilu har masu kuɗi suka tsorata. Sai ga labarin marainiya mai aikin koyar da yara a gidan masu hali, wadda ba ta sunkuyar da kai, tana faɗa wa na sama da ita cewa ita ma mutum ce daidai da su. Mujallar 'yan Tory me kike tsammani za ta ce? Rigby ta fito fili ta ce irin tunanin da ya haifi tawaye a waje da Chartist a gida shi ne ya haifi wannan littafi. Sannan tunda marubuciyar littafin, Charlotte Brontë, ta ɓoye a bayan sunan Currer Bell, sai mai sharhin ta tsaya tana lissafi, ta ce namiji ne ya rubuta don akwai kurakurai kan girki da suturar mata da mace ba za ta yi ba, in kuwa har mace ce to lalle irin wadda mata 'yan uwanta suka daɗe da ƙaurace wa ce. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi wa Charlotte ciwo, har ta rubuta martani tana so a sa shi a gaban littafinta na gaba, Shirley, masu buga mata suka ƙi, sai ta ɗauki wasu kalaman sharhin ta sa su a cikin labarin a matsayin maganar wata mai girman kai. Kin ga abin ban mamaki, mace ta ɓoye sunanta tana yanke wa wata mace da ita ma ta ɓoye sunanta hukunci, kowacce ba ta ganin fuskar 'yar uwarta.

Amma kar ki ɗauka rashin suna cutar mata kawai ya yi, ta nan ma suka shiga. Marian Evans, wadda duniya ta sani da George Eliot, ita ce kusan ke tafiyar da Westminster Review daga 1851 zuwa 1854 duk da John Chapman ne ake kira edita, kuma a 1856 ta rubuta wani sharhi da ta ragargaji littattafan shirme da wasu mata masu kuɗi ke rubutawa, ba wanda ya san mace ce a bayan alƙalamin. Geraldine Jewsbury ta yi kusan shekara talatin tana yi wa Athenaeum sharhin ƙagaggun labarai. Margaret Oliphant, bazawara mai ɗawainiyar 'ya'ya da dangi, da rubutun da take yi wa Blackwood's ta riƙe gida shekara da shekaru. Da an ce dole sai da suna, da yawa daga cikinsu ba za su samu shiga ba a lokacin da ake ganin hukunci kan ilimi aikin maza ne.

Ɓarnar tsarin kuwa ita ce tallan da aka sa wa rigar sharhi. Mai madaba'a irin su Henry Colburn yana da mujallarsa, yana da hannun jari a wata, to littafin da ya buga wa zai kushe? Marubuci zai iya sa abokinsa ya yabe shi yau, gobe shi ma ya rama masa, ba ni gishiri in ba ka manda, mai karatu kuma yana can yana zaton alƙali ne adali ya yi magana. Abin da ya ɗaga darajar Athenaeum ke nan, mujallar mako-mako da aka kafa a 1828, don Charles Wentworth Dilke da ya karɓe ta a 1830 ya yi yaƙi da wannan ɗabi'a, har shi kansa yakan guji shiga tarukan marubuta da masu madaba'a don kar a ce ya ci na wani. Duk da haka abin bai mutu ba. A 1865 E. S. Dallas ya yi wa littafin Dickens mai suna Our Mutual Friend sharhi mai daɗi a jaridar Times, Dickens kuma ya ba shi ainihin rubutun hannu na littafin kyauta, Anthony Trollope ya kawo wannan labari a tarihin rayuwarsa ba tare da kama suna ba, ya nuna bai kamata mai sharhi ya karɓi irin wannan ba. Ni ma ina tare da Trollope a nan, ko da Dallas da zuciya ɗaya ya yaba, bakin da ya ci shi ke godiya.

Sai ki tambaya me ya sa sharhi ke da ƙarfi haka. Kuɗi ne. Sabon ƙagaggen labari yakan fito a mujalladi uku a kan sule 31 da sisi, abin da ya fi albashin sati na yawancin leburori nesa ba kusa ba, don haka mutane ba saye suke ba, haya suke ɗauka. Charles Mudie ya fara ba da hayar littattafai a 1842, ki biya gini ɗaya a shekara, wato fam ɗaya da sule ɗaya, ki riƙa ɗaukar mujalladi ɗaya kina mayarwa. Shi ne babban mai saye a ƙasar, in ya ƙi littafi an gama da shi, kuma shi mutum ne mai tsananin addini, yana kuma kallon abin da jaridu suka ce. Ga shi kuma a gidajen masu matsakaicin hali da daddare ake karatu a bayyane, uba ko uwa na karantawa 'yan mata na zaune suna ɗinki. Shi ya sa tambayar farko da mai sharhi ke yi ba wai an iya rubutun ba ce, a'a, za a iya karanta wannan a gaban 'yarka budurwa? Duk inda kika ga suna ta maganar tarbiyya har kin gaji, to daga nan ta samo asali, aikin mai tsaron ƙofa suke yi wa iyaye da Mudie. A 1863 Henry Mansel, malamin Oxford kuma limami, ya yi wa littattafan tada hankali irin su Lady Audley's Secret kaca-kaca a Quarterly, yana ganinsu kamar wata cuta da ta kama jama'a, kuma ya ɗora laifin a kan mujallu da gidajen hayar littafi da shagunan tashar jirgin ƙasa.

A tsakiyar ƙarnin ne kasuwar ta fashe. Akwai harajin da 'yan adawa ke kira harajin ilimi, an cire na talla a 1853, na hatimin jarida a 1855, na takarda a 1861. Daily Telegraph ta fito a 1855 kafin shekarar ta ƙare ta koma kwabo ɗaya, Saturday Review ma a 1855 ta fito da samari 'yan jami'a masu kaifin baki har mutane suka laƙaba mata sunan mai zagi, Cornhill ta zo a 1860 a kan sule ɗaya da marubucin labarai Thackeray a matsayin edita, fitowarta ta farko ta sayar da sama da 100,000. Daga nan jira na wata uku ya zama tsohon yayi, littafi ya fito yau cikin sati an yanke masa hukunci, wasa kuwa a yi shi da daddare da safe sharhi na kan tebur.

A nan ne aka fara jayayya sosai kan sa suna. Macmillan's Magazine a 1859 ta fara sa sunayen marubutanta, Fortnightly Review da aka kafa a 1865, Trollope na cikin waɗanda suka kafa ta, George Henry Lewes ne editan farko sannan John Morley, ta mai da shi aƙida, duk wanda ya faɗi magana ya tsaya a bayanta da sunansa. Contemporary Review da Academy da Nineteenth Century duk suka bi. To amma shin an warke? Ga labari ɗaya ki auna da kanki. Dante Gabriel Rossetti zai fitar da waƙoƙinsa a 1870, tun kafin su fito ya shirya abokansa, Swinburne ya yabe shi a Fortnightly, William Morris ya yabe shi a Academy, duk da sunayensu a fili. Sai Robert Buchanan ya harzuƙa ya rubuta suka mai muni a Contemporary a Oktoban 1871 yana cewa waƙoƙin na sha'awar jiki ne kawai, amma tunda mujallar na son suna sai aka sa sunan ƙarya, Thomas Maitland. Aka gano shi, Rossetti ya mayar da martani a Athenaeum yana kiran abin sharhin sari-ka-noƙe, amma ciwon ya zauna masa, a 1872 hankalinsa ya taɓu har ya nemi halaka kansa. Kin ga suna bai hana 'yan amshin shata ba, bai kuma hana mugunta ba, sai dai ya sa yanzu ana iya kama mai laifi, kuma wannan ɗin ci gaba ne na gaske.

Fannin zane shi ne inda za ki fi ganin ƙarfin mutum ɗaya. John Ruskin ya fara sharhin zane ne don haushin yadda Blackwood's ta ci mutuncin mai zane Turner a 1836, mujalladin farko na littafinsa Modern Painters ya fito a 1843 shi ma babu sunansa, an dai ce wani ne da ya gama Oxford. A 1850 wani matashin mai zane, Millais, ya nuna zanen Yesu Almasihu yana yaro a shagon kafinta, ga ɓarɓashin katako a ƙasa ga mutane kamar talakawan da kike gani a kasuwa, jaridu suka yi ca a kansa, Dickens da kansa ya zage shi a Household Words, surutun ya kai har Sarauniya ta sa aka kawo mata zanen ta gani da idonta. A 1851 Ruskin ya aika wa Times wasiƙu biyu yana kare Millais da abokansa samari masu zane da ake kira Pre-Raphaelite, daga nan iska ta fara juyawa. Daga 1855 ya riƙa fitar da ƙaramin littafin sharhi kan baje kolin Royal Academy na shekara-shekara, masu zane na jiran fitowarsa gabansu na faɗuwa don maganarsa na iya sa a saya ko a ƙi.

Wannan ƙarfin ne ya kai shi kotu. A 1877 ya je Grosvenor Gallery ya ga wani zanen Whistler, Ba'amurke mazaunin Landan, zanen dare ne da tartsatsin wasan wuta yana zubowa, kusan duk duhu ne da ɗige-ɗigen zinariya, an sa masa kuɗi gini 200. Ruskin ya rubuta a wasiƙunsa na Fors Clavigera cewa bai taɓa zaton zai ga wani ɗan fankama ya nemi gini 200 don ya watsa wa jama'a gwangwanin fenti a fuska ba. Whistler ya kai ƙara yana neman fam 1,000, aka yi shari'a a Nuwamban 1878, Ruskin bai halarta ba saboda rashin lafiya. Lauya ya tambayi Whistler kwana nawa ya yi yana zanen, ya ce kamar biyu, ya ce aikin kwana biyu kake nema wa gini 200? Ya ce a'a, ilimin da na tara tsawon rayuwata nake nema wa. Ya ci shari'ar, amma diyyar da aka ba shi rubu'in kwabo ce, ba a kuma ɗora wa Ruskin kuɗin shari'arsa ba, a 1879 Whistler ya tsiyace ƙarƙaf, Ruskin kuma ya ajiye kujerarsa ta farfesa a Oxford. Abin da nake so ki gani a nan, Ruskin bai ci kuɗin kowa ba, bai ɓoye sunansa ba a wannan karon, ya san zane fiye da kusan kowa a ƙasar, amma ya kasa ganin abin da ke gabansa, saboda shi a wurinsa zane aiki ne na gumi da gaskiya ga halittar Ubangiji, shi kuwa Whistler launi da tsari kawai yake nema kamar yadda ake jin kiɗa. Mutumin da ya kare sabon abu yana saurayi shi ne ya tare wa sabon abu hanya da ya manyanta, kuma wallahi duk sanda na zo nan a aji sai na ji tausayin su biyun. Cikin waɗanda suka ba da shaida a ɓangaren Ruskin akwai Tom Taylor, mai sharhin zane na Times, wanda kuma marubucin wasan kwaikwayo ne kuma editan mujallar barkwanci ta Punch a lokacin, mutum ɗaya hula uku.

Wannan ya kawo mu gidan wasa, inda cuɗanyar ta fi yawa. Masu sharhin da yawa su ma marubuta wasa ne ko masu juya wasannin Faransa zuwa Turanci, manajan da za ka kushe yau shi za ka kai wa wasanka gobe. John Oxenford na Times ya yi suna wajen sassauci, da wuya ya ɓata wa wani rai. Shahararren ɗan wasa Henry Irving kuma a gidan wasansa na Lyceum yakan shirya liyafa bayan daren farko a gayyaci 'yan jarida, har aka samu lafazin sharhin kaza da giya. A saman wannan duka akwai ofishin Lord Chamberlain, babban jami'in fadar Sarauniya, wanda dokar 1843 ta ba ikon tace duk sabon wasa kafin a nuna, ikon da bai ƙare ba sai 1968. Mafi ƙarfinsu shi ne Clement Scott na Daily Telegraph daga 1871, yakan fito daga wasa ya zauna cikin dare ya cika shafi da zafin rai, jama'a kuma suna bin maganarsa. A Maris 1891 wata ƙungiya mai zaman kanta ta J. T. Grein ta nuna wasan Ibsen ɗan ƙasar Norwe mai suna Ghosts, ba lasisi don haka sai aka yi shi a matsayin taron 'yan ƙungiya, labarin ɗa ne da ya gaji tunjere daga uba mazinaci da uwar da ta yi shekaru tana rufa wa mijin asiri. Telegraph ta kwatanta wasan da buɗaɗɗen kwatami da gyambon da ba a ɗaure ba. William Archer, wanda shi ke fassara Ibsen, bai yi dogon musu ba, sai ya tattara zage-zagen jaridu ya jera su a Pall Mall Gazette don mutane su ga yadda hankali ya gushe. Scott kansa a ƙarshe bakinsa ne ya ja masa, ya yi wata hira ya ce da wuya mace ta tsare mutuncinta a sana'ar wasa, 'yan wasa suka taso masa, ya bar Telegraph a 1898.

Kiɗa ba zan daɗe a kai ba don labarin kusan ɗaya ne. Mutum biyu ne suka riƙe ƙofa, Henry Chorley a Athenaeum da J. W. Davison a Times, shi Davison sama da shekara talatin tun daga 1846, kuma shi ne editan Musical World. Dukansu Mendelssohn, Bajamushe mai tsara kiɗa, shi ne ma'auninsu, musamman bayan an fara rera waƙarsa Elijah a Birmingham a 1846, duk wanda ya kauce daga wannan hanya, Schumann ne ko Wagner, ya shiga uku. Da Wagner ya zo Landan a 1855 ya jagoranci tarukan kiɗa takwas na ƙungiyar Philharmonic, Davison ya bi shi da suka, kodayake a yi masa adalci, Wagner ya riga ya rubuta ƙasida ta cin zarafin Yahudawa a harkar kiɗa ya haɗa da Mendelssohn, kuma Davison ya san da wannan. Sannan a 1859 Davison ya auri Arabella Goddard mai kaɗa fiyano, wadda ta yi karatu a hannunsa, kin ga duk abin da Times ta faɗa kan masu fiyano dole mutane su saurara da kunne biyu.

Wanda ya zo ya sauya salon shi ne George Bernard Shaw. Ya yi sharhin kiɗa a jaridar Star mai rabin kwabo, abin da iyayenmu ke kira ɗari, da sunan aro Corno di Bassetto, daga 1890 zuwa 1894 ya koma World, sannan daga 1895 zuwa 1898 ya yi sharhin wasa a Saturday Review da haruffan sunansa G.B.S. Shi ya watsar da "mu" gaba ɗaya, "ni" yake cewa, kuma bai ɓoye cewa yana da ɓangare ba, Wagner da Ibsen yake wa yaƙi, Irving kuma yana shan suka a hannunsa don yadda yake yanke Shakespeare ya ɗinka wa kansa riga. Har yau ana karanta shi don daɗin rubutu, amma shi ma ya yi kuskure babba a kan Brahms, daga baya da ya tsufa ya amsa cewa ya yi gaggawa. Ki haɗa shi da Matthew Arnold, sufeton makarantu, wanda a 1864 ya rubuta cewa aikin mai sharhi shi ne ya ga abu yadda yake, ba ruwansa da jam'iyya ko ɗariƙa, kuma ya kama sunan mujallun ya ce kowacce bakin wata ƙungiya ce. Arnold na cewa a cire son rai, Shaw na cewa a faɗe shi a fili, ni dai a matsayina na mai karatu na Shaw ya fi min amfani, don wanda ya gaya miki inda ya tsaya kin san yadda za ki auna maganarsa.

Kuma kar ki zata tsohon hali ya tafi a ƙarshen ƙarnin. Da Thomas Hardy ya fitar da Jude the Obscure a 1895 Pall Mall Gazette ta juya sunan littafin ta kira shi na batsa, Oliphant ta kai masa hari a Blackwood's a Janairun 1896 a kan cewa yana yaƙi da aure, bishop ɗin Wakefield ya ce ya jefa nasa a wuta, Hardy bai sake rubuta sabon ƙagaggen labari ba ya koma waƙa har mutuwarsa a 1928. Rashin suna ma bai mutu da Sarauniya ba, Times Literary Supplement da ta fara a 1902 ba ta fara sa sunayen masu sharhinta ba sai 1974.

To za a dogara da su? In kina neman su gaya miki wane littafi ne mai kyau, a'a, sun yi daidai sun yi kuskure kamar kowa. In kuwa kina neman sanin abin da ke ba wani rukunin mutane tsoro a wata shekara, babu shaidar da ta fi su. Don aikinki, ki nemi Wellesley Index to Victorian Periodicals, mujalladi biyar ne da Walter Houghton ya jagoranta, sun fito tsakanin 1966 da 1989, sun bi takardun madaba'u da littattafan biyan kuɗi da wasiƙu suka gano sunayen dubban marubuta a mujallun wata-wata da na wata uku, Quarterly na ciki. Na Athenaeum kuma akwai kwafin ofis da edita ya riƙa rubuta sunayen masu sharhi a gefe da hannu, yana ajiye a jami'ar City ta Landan. In za ki kawo sharhin nan a babinki kar ki rubuta cewa mutanen zamanin Biktoriya sun ƙi Jane Eyre, don littafin ya samu kasuwa nan da nan, Thackeray ya yabe shi, Lewes ya yabe shi a Fraser's tun a Disambar 1847, shekara guda cur kafin Rigby ta ɗauki alƙalami. Ki rubuta cewa Elizabeth Rigby ce, a mujallar 'yan Tory da Lockhart ke wa edita, a ƙarshen 1848, sannan ki ɗora na Lewes a gefensa ki karanta su tare, za ki ga kusan wuraren da suka burge shi su ne suka tayar mata da hankali. In kin gama babin ki turo min in duba.